Girgizar da muke ji a Mpape: wai 3.1 ne ko III zuwa IV, wanne za mu ɗauka?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya san kan harkar girgizar ƙasa ya taimaka min da bayani a sauƙaƙe, don gaskiya hankalina ya kasa kwanciya. A Mpape muke zaune, kuma duk wanda ke Abuja ya san halin da muke ciki tun 13 ga watan nan na Satumban 2024, ƙasa sai motsi take, wani lokaci da rana wani lokaci tsakar dare, sai dai ka ji wani irin gum daga ƙarƙashinka, gilashin taga ya yi karkarwa, kwanuka su yi ƙara a kicin, kafin ka miƙe tsaye har ya wuce. Yarana sun ƙi kwana a ɗakinsu, ƙaramar ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta rugo ta maƙale ni. Wasu maƙwabta har sun kwashi iyali sun tafi wajen dangi a Kubwa da Maraba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne lambobin da ake ta faɗa. An ce ministan kimiyya ya ce ƙarfinta 3.1 ne, ita kuma hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, NGSA, ta ce tsakanin III ne da IV, sannan a gurup ɗinmu na WhatsApp na unguwa wani ya turo cewa ai 4 ce cikin 10, saura ƙiris. To wanne ne gaskiya a ciki? Kuma in ta Turkiyya ta bara 7.8 ce ta kashe mutum sama da dubu 50, kenan tamu ta kusa kai rabinta? Ni wannan lissafin ne ya hana ni barci. Ƙanina ya duba shafin hukumar Amurka mai kawo rahoton girgizar ƙasa na duniya, ya ce ko sunan Abuja babu, to ko dai ba girgizar ba ce, fasa dutse ne kawai? Sannan wadda ta fi damuna, waɗannan ƙananan share fagen babba ne ko kuwa?

Abu_Sadiq:

Wslm Hajiya, Allah ya kiyaye ya tsare mu baki ɗaya. Ni fa a ganina ba sai an wahalar da kai ba, duk wanda ya san Mpape ya san garin masu fasa dutse ne, shekara da shekaru ana dasa nakiya ana tayarwa, ga rijiyar burtsatse kowane gida sai ya haƙa tasa, ƙasar nan ta gaji ne kawai. A 2018 ma da aka yi irin wannan ai gwamnati dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyoyi ta yi a yankin na wani lokaci. In ba su ne sanadi ba me ya sa aka dakatar da su? Ku dai yawaita addu'a da sadaka.

Dan_Toro:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannunku da fargaba, Allah ya ƙara tsarewa. Ilimin duwatsu da ƙasa na karanta, bari in bi tambayoyin naki, ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Minista da NGSA ba saɓani suka yi ba, abu biyu daban suka faɗa. Wannan 3.1 ɗin girman girgizar ne a can inda dutse ya goce a ƙarƙashin ƙasa, na'ura ce ke ba da shi, kuma kowace girgiza girmanta ɗaya ne tak. Shi kuwa III zuwa IV da ake rubutawa da lambobin Romawa ma'aunin Mercalli ne, yana tashi daga I ya tsaya a XII, kuma shi ba na'ura ake tambaya ba, mutane da gine-gine ake dubawa, me aka ji, me ya motsa, me ya fashe. Ki ɗauki lasifikar masallacin unguwarku, ƙarfinta ɗaya ne ba ya canzawa, amma wanda gidansa ke jikin masallacin da wanda ke can bayan layi uku ba ƙara ɗaya ke isa kunnensu ba. To 3.1 shi ne ƙarfin lasifikar, III da IV kuma abin da ya iso gidanki. Shi ya sa girgiza ɗaya za ta iya zama IV a Mpape, III a Maitama, a Gwagwalada kuma ba wanda ya san an yi.

A ma'aunin Mercalli, III shi ne na cikin ɗaki su ji, musamman na saman bene, da yawa ma su zaci babbar mota ce ta gifta. IV shi ne yawancin mutanen da ke cikin gida su ji, wasu masu barci su farka, kwanuka da tagogi da ƙofofi su yi ƙara, kin ga daidai da abin da kika bayyana kenan. Sai an kai VI ake fara ganin filasta tana zubowa, a VII kuma gini mara ƙwari yake jin jiki sosai.

Maganar 4 cikin 10 kuwa ki share ta kwata-kwata, wanda ya turo bai fahimci abin ba. Ma'aunin girma ba a kan goma aka gina shi ba. Mafi girma da aka taɓa aunawa a duniya ita ce ta ƙasar Chile a 1960, 9.5, ta ƙasa kuma yana sauka har ƙasa da sifili don na'urorin yanzu suna kama motsin da ɗan Adam ba zai taɓa ji ba. Kuma nan ne inda lissafin rabin ya ɓata miki barci a banza, don lissafin ma'aunin ninki ne ba ƙari ba. Duk lamba ɗaya da aka hau, motsin da na'ura ke zanawa ya ninka sau 10, ƙarfin da ƙasa ta saki kuma ya ninka kusan sau 32. Wato 4 ta fi 3 sau 32, 5 ta fi 3 sau 1,000, 6 ta fi 3 kusan sau 32,000. In kika ɗora 7.8 ta Turkiyya ta 6 ga Fabrairun 2023 a kan 3.1 taku, ƙarfin da waccan ta saki ya fi na taku sama da sau miliyan 10. Ba rabi ba ne Hajiya, ko kusa ba a hanya ɗaya suke ba.

To me ya sa kuka ji ta har cikin ƙashi in ƙarama ce haka? Saboda a kanta kuke zaune. NGSA ta ce tasharta ta Katampe ce ta naɗi motsin kuma tushensa bai kai kilomita 5 daga tashar ba. Ƙaramar girgiza da ke kusa kuma ba ta da zurfi tana zuwa ne da bugu ɗaya mai kaifi, daƙiƙa ɗaya ko biyu ta wuce, kuma wannan gum ɗin da kuke ji shi kansa motsin dutsen ne yake fitowa cikin iska ya zama sauti. Ga shi Abuja a kan tsohon dutse mai tauri take, irinsa kuwa ba ya shanye motsi da wuri, yana miƙa shi nesa. Babbar girgiza ba haka take ba, jijjiga ce mai tsawo da mutum ke kasa tsayuwa a kan ƙafarsa.

Amma kar in bar ki da cewa ƙaramar lamba ba komai ba ce, don ba na son mu tashi daga firgici mu faɗa sakaci. A ƙasar Holan, yankin Groningen inda ake haƙo iskar gas a lokacin, girgiza mai 3.6 kacal aka yi a Agustan 2012, amma da yake zurfinta wajen kilomita 3 ne kuma ƙasar wurin mai laushi ce, gidaje da yawa sun tsattsage. A Agadir ta Maroko a 1960 girgizar ba ta kai 6 ba amma ta kashe sama da mutum dubu 12, saboda ƙarƙashin garin ta auku, ga gine-ginen ba su da ƙwari. Don haka in an faɗa miki lamba ki tambayi zurfinta nawa, nisanta da ke nawa, sannan ki dubi ginin da kike ciki.

Maman_Ilham:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Wallahi wannan maganar ninkin ta sauke min wani nauyi, yanzun nan na karanta wa maigidan. Amma saura batun shafin Amurkan nan da babu mu a ciki, da kuma ko babba na tafe. Sannan ni har yanzu ban gane yadda na'ura da ke Katampe ko wani gari can za ta san abin da ya faru a ƙarƙashin Mpape ba, tunda ba wanda ya shiga ya gani.

Dan_Toro:

Amin Hajiya, na gode. Na'urar a asalinta abu ne mai sauƙi, wani nauyi ne ake ratayewa da sifirin a cikin akwati, akwatin kuma a kafe shi a jikin dutse. In ƙasa ta motsa akwatin zai bi ta, nauyin kuma ya ɗan tsaya a inda yake, wannan bambancin shi ake naɗa. Da can alƙalami ne ke zane a kan takarda da ke juyawa a jikin ganga, yanzu lantarki ne yake turawa kwamfuta kai tsaye.

In dutse ya goce, motsi iri biyu ne ke fita ta cikin ƙasa a lokaci guda. Na farko da ake kira P yana gudun wajen kilomita 6 a daƙiƙa, na biyu S yana yin wajen 3 da rabi, shi ne kuma ya fi jijjiga. Tunda tare suka tashi amma ɗaya ya fi sauri, tazarar da ke tsakanin isowarsu ita ke faɗa maka nisa. A ƙiyasi ana ninka daƙiƙun da 8, in tazarar daƙiƙa 10 ce to abin ya faru wajen kilomita 80 daga tashar. Sai dai tasha ɗaya nisa take ba ka, sai ka zana da'ira a taswira ka ce yana wani wuri a kan layin nan. Tasha ta biyu ta zana tata, ta uku ta zana tata, inda ukun suka haɗu nan ne wurin. Shi ya sa yawan tashoshi yake da muhimmanci, kuma a nan ne muke da rauni a ƙasar nan. Akwai cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, tana da tashoshi a wurare irin su Kaduna da Ile-Ife da Nsukka, NGSA ma tana da nata, amma in ka dubi faɗin Najeriya sun yi kaɗan ƙwarai, kuma ni a ra'ayina kuɗin da za a kashe a ƙara su ba wani abu ba ne in aka kwatanta da rikicewar da jama'a ke shiga duk lokacin da aka yi irin wannan.

Batun shafin hukumar USGS ta Amurka, rashin ganin Abuja ba ya nufin ba a yi ba. Su a cikin ƙasarsu suna da na'urori birjik, suna kawo har ƙananan, amma a sauran duniya galibi sai girgiza ta kai wajen 4 zuwa 4.5 take shiga jerinsu, don ƙarama ba ta isa tashoshi masu nisa da ƙarfin da za a iya lissafa ta. Ƙiyasinsu shi ne ana yin girgiza kusan 500,000 a shekara da na'ura za ta iya kamawa, wajen 100,000 mutane na ji, wajen 100 ne kawai ke yin ɓarna. Daga 3 zuwa 3.9 duk a ajin ƙanana ake sa su.

Wasu abubuwa da ke rikita mutane in suna karanta rahoto. Za ki ga lamba ta canza bayan awa ɗaya, ba ƙarya aka yi da farko ba, lissafin farko kwamfuta ce ke fitarwa cikin mintuna, daga baya masana su zauna da bayanan ƙarin tashoshi su gyara. Hukumomi biyu ma suna iya bambanta kaɗan, a ta Turkiyya hukumar ƙasar ta ce 7.7, Amurka ta ce 7.8. 'Yan jarida kuma komai sai su ce ma'aunin Richter, alhali wanda Charles Richter ya ƙirƙiro a 1935 don girgizar kudancin Kalifoniya ya yi shi, har yanzu ana amfani da irinsa wajen ƙanana na kusa, amma manya da wani ma'auni ake lissafa su wanda aka fito da shi a 1979, za ki ga an rubuta Mw. In kin ga zurfi kilomita 10 cif, sau da yawa ba aunawa aka yi ba, lambar da ake sawa ce in bayanai ba su isa a tantance ba. Lokaci kuma shafukan waje da agogon duniya na UTC suke rubutawa, sai ki ƙara awa ɗaya ki samu na Najeriya.

Ko babba na tafe? Babu wani masani ko na'ura a duniya da ke iya faɗin rana da wuri da girman girgizar da ba ta zo ba, duk wanda ya turo miki saƙo cewa ƙarfe kaza za a yi, ƙirƙira ya yi. Abin da ake da shi ƙididdiga ce, a duniya baki ɗaya wajen kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ne kawai na girgiza wata da ta fi ta girma ke biyo bayanta a kusa cikin 'yan kwanaki, kuma "ta fi ta girma" ɗin nan yana iya zama 3.4 bayan 3.1. Irin jerin ƙananan nan yawanci suna yi ne su lafa, haka aka gani a Mpape ɗin a Satumban 2018, haka aka gani a Kwoi ta ƙaramar hukumar Jaba a jihar Kaduna a Satumban 2016. Ɓawon duniya a rarrabe yake manyan ɓangarori da ake kira farantai, mu muna tsakiyar farantin Afirka ne, nesa da bakin da farantai ke gogayya irin na Turkiyya ko Japan. Masu cewa kuma ƙananan suna rage wa ƙasa nauyi don kar babba ta zo, su ma lissafi bai goyi bayansu ba, sai an yi mai lamba 3 sau 32,000 kafin a biya bashin mai lamba 6 guda ɗaya.

Zango_Nima:

Salamu alaikum, ni daga Accra nake bin ku. Maman Ilham sannu, mu nan mun san wannan tsoron sosai. Daren 24 ga Yuni 2020 ƙasa ta motsa mana har sau uku a jere cikin 'yan mintuna, babbar wajen 4 aka ce, mutane suka fito titi da kayan barci. An sake yi 12 ga Disamba 2022 da rana tsaka. Wajen Weija da Gbawe da McCarthy Hill har zuwa Kasoa su suka fi ji kullum, don ta nan tsagar dutsen ƙarƙashin ƙasa take.

Malam Dan Toro na yarda da duk abin da ka faɗa amma ina so in ɗan ja maganar nan ta cewa muna tsakiyar faranti. Mu ma a tsakiyar muke, amma 22 ga Yuni 1939 girgiza mai wajen 6 da rabi ta bugi Accra, mutum 17 suka rasu, gidaje da yawa suka rushe, kuma lokacin garin bai kai ko kusa da yadda yake yanzu ba. Kafin nan an yi wata babba a 1862. Ƙasar Gini ma a Disamban 1983 ta kashe ɗaruruwan mutane. To Yammacin Afirka ba wai an yi mana alƙawarin ba za ta zo ba ne, tana daɗewa ne kawai har mutane su manta, su je su gina bene a kan gangaren dutse ba tare da tunaninta ba.

Sai abu ɗaya da nake roƙonki Hajiya, ku yi hattara da gurup ɗin unguwan nan. A Janairun 2010 wani saƙon waya ya zaga Ghana cikin dare wai girgiza na zuwa, garuruwa da yawa mutane suka kwana a fili da jarirai da tsofaffi da marasa lafiya har gari ya waye, kuma ba abin da ya faru, babu ma hukumar da ta fitar da wannan sanarwar. Mu yanzu in an ji motsi sanarwar hukumar binciken ƙasa ta Ghana da hukumar agajin gaggawa ta NADMO muke jira. Akwai kuma manhajar LastQuake ta cibiyar nazarin girgizar ƙasa ta Turai, da shafin USGS inda mutum ke shiga ya faɗi abin da ya ji a inda yake, da irin waɗannan amsoshin ake haɗa taswirar lambobin Romawan da Malam ya yi bayani.

Dan_Toro:

Gaskiyarka ɗan'uwa na Nima, kuma na ji daɗi da ka kawo 1939. Tsakiyar faranti ragin yawa ne, ba kariya ba ce. Bambancin dai shi ne Accra tana da tarihin manya a rubuce, Abuja kuwa abin da aka naɗa mata zuwa yanzu ƙanana ne.

Abu_Sadiq:

Malam duk na ji, kuma na ƙaru, amma ka tsallake tawa. Kana nufin nakiyar da ake tayarwa kullum da dubban rijiyoyin nan ba su da hannu? Ni na yi aiki a Mpape, in aka tayar da nakiya har cikin cikinka kake jin ta, bangon shagon da nake haya a lokacin tsagewa ya yi tun daga lintal har ƙasa.

Dan_Toro:

Malam Abu Sadiq ban tsallake ba, ajiye ta na yi don tana buƙatar nata wurin. Nakiya tana girgiza gida kuma tana tsaga bango, wannan ba musu, kuma abin da ya sami shagonka abu ne da ya kamata a ce ana sa ido a kai ko da girgiza ko babu. Amma a takardar na'ura nakiya da girgiza ba kama ɗaya suke ba. Nakiya a saman ƙasa take tashi, tana tura dutse waje ta kowane ɓangare, don haka P ɗinta ke da ƙarfi S kuma ya yi rauni, sannan lokacinta sananne ne, da rana lokacin aiki. Girgiza kuwa gocewa ce, gefe ɗaya ya zame wa ɗaya, S ɗinta ke rinjaye, wasu tashoshin su ga turi wasu su ga ja, kuma ba ruwanta da dare ko rana. Wadda aka ce 3.1 ce bayan ƙarfe 11 na dare aka yi ta. Da irin wannan bambancin ne ma ake gane ƙasar da ta yi gwajin nukiliya a ɓoye a ƙarƙashin ƙasa.

Dakatarwar 2018 matakin kariya ne kafin a gama bincike, ba hukunci ba ne cewa su ne sanadi. Gaskiya ne kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a lokacin ya ambaci yawan rijiyoyin burtsatse da ruwan da ake zuƙewa kullum a matsayin abin da zai iya jawowa, wasu masana kuma suka fi karkata ga tsofaffin tsagogin da ke cikin dutsen yankin, waɗanda nauyi ke taruwa a kansu a hankali har wata rana su zame. Ni na fi karkata ga na biyun, dalilina kuwa rijiyar burtsatse zurfinta mitoci ne, mai zurfi ta yi ɗari da wani abu ko ɗari biyu, girgiza kuma lissafin kilomita ake mata. Amma ɗan Adam yana iya tsokano girgiza, an gani. A jihar Oklahoma ta Amurka tura gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai cikin ƙasa ya jawo su da yawa har aka yi mai 5.8 a 2016, ga Groningen da na ambata, ga madatsar ruwa ta Koyna a Indiya a 1967. A duk waɗannan tsagar tana nan tun asali, aikin mutum ingiza ta ya yi. Abin da zai raba gardamar Mpape shi ne a kewaye yankin da na'urori da yawa na tsawon lokaci a ga zurfin da motsin ke fitowa da layin da yake bi, sannan a riƙa rubuta ranar da sa'ar da kowane kamfani ya tayar da nakiya a gwada da abin da na'ura ta naɗa.

Injiniya_Bilkisu:

Sannunku duka. Ni harkar gini nake, bari in sa baki ta ɓangarena tunda Malam ya ce a dubi ginin da ake ciki. Anti Maman Ilham gobe da safe ki zaga gidanki ciki da waje da biro a hannu. Duk tsagar da kika gani ki ja layi a ƙarshenta ki rubuta kwanan wata, ki ɗauki hoto da wani abu a gefe ko da kan biron ne don a ga faɗinta. Siririyar tsaga irin ta filasta kusan kowane gida akwai, ba ita ce abin tsoro ba. Wadda nake so ki kula da ita ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo tana hawa, ko wadda ta fito a jikin fila ko bim, ko wadda kika ga ta wuce alamar da kika yi. Haka in ƙofa da da take rufuwa lafiya ta fara cijewa. In kin ga ɗaya daga ciki a kira injiniya ya duba kafin a kira birkila, don shafe ta da siminti ɓoye ta ne kawai.

Abin da ya fi ba ni tsoro a unguwanni irin Mpape ba ɗakunan ba ne ma, katanga ce da tankin ruwa. Katanga doguwa da bulo mai inci 6, ba fila ba rodi, buhun siminti ɗaya an buga bulo fiye da ƙima, ita ce ke fara faɗuwa, kuma jikinta mutane ke gudu su tsaya in sun fito. Tanki mai lita 1,000 in ya cika ruwan kaɗai tan ɗaya ne, a ɗora shi a kan ƙarfen da tsatsa ta ci ƙafarsa. Ki sa a duba waldar da ƙusoshin. A ɗaki kuma a sauke kaya masu nauyi daga saman wadirof, a matsar da gadon yara daga jikin taga da ƙarƙashin duk abin da aka rataye, tukunyar gas a rufe ta daga kai kafin a kwanta.

In an fara motsi kuna ciki kar a yi rige-rigen ƙofa ko matakala, a nan ake jin rauni ko ginin bai yi komai ba. A durƙusa, a shiga ƙarƙashin tebur mai ƙwari a riƙe ƙafarsa, in kan gado ake a kare kai da filo, in ya lafa sai a fita fili nesa da katanga da wayar wuta. Ki koya wa yaran da rana cikin wasa, yana rage musu tsoron sosai in sun san abin da za su yi.

Maman_Ilham:

Injiniya na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tankinmu kuwa daidai bayan tagar ɗakin yaran yake, a kan ƙarfe, kuma tun da muka shigo gidan ba a taɓa duba shi ba. Gidan haya ne, zan sa maigidan ya kira mai gidan da safe. Kafin a zo a duba, in rage ruwan ne ko in bar shi yadda yake?

Injiniya_Bilkisu:

Ki rage shi Anti, kar a cika shi ya wuce rabi har sai mai walda ya duba ƙafafun da inda aka kafe su a ƙasa, yaran kuma su koma ɗayan ɗakin zuwa lokacin. In kin samu dama ki turo hoton ƙafar ƙarfen daga ƙasa inda ya haɗu da kankare, nan ne tsatsa ke fara ci.